Sunan Baba Mai Goro a Takardata

Na gama makarantar midil a shekarar da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana. Maganar ba ta dame ni ba, domin iyayena 'yan arewacin Gana ne. Aiki ne damuwata. Wani kamfanin injin katako a unguwar Kwadaso yana neman akawu, aka ce kowa ya kai takardar tarihinsa: inda ya yi karatu, inda ya taɓa aiki, da sunan wani babba da zai tsaya masa.

Na zauna a zaure na rubuta sunana da makarantata, sai magana ta ƙare. Fiye da rabin shafin fari fat. Ban taɓa aikin komai ba sai ɗebo wa Inna ruwa a famfo. Na ce a raina, wa zai taso daga Kwadaso ya shigo unguwarmu ta Zongo bincike? Ba wanda ya zuga ni. Ni kaɗai na shirya ƙaryata.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne da kowa ke kira Baba mai goro. Daga Nijar ya zo tun ba a haifi Inna ba. Ya nemi takardar zama yana jira, kullum yana cewa ba inda za shi, 'ya'yansa biyu a nan aka binne su. Ni nake karanta masa wasiƙa, shi ya sa na san cikakken sunansa. A Zongo ba a kiran babba da sunansa, ko matarsa ba ta faɗa. Sunan yanka da na uba da na kaka sai a takardar hukuma.

Na rubuta cewa na yi shekara biyu ina akawu a sitonsa. Na sa sunayensa uku da lambar gidansa. Na kai wa mai tafireta a bakin gidan waya ya buga, na miƙa a Kwadaso. Baba kuwa ban gaya masa ba.

Bayan mako guda na je unguwar Buokrom na taya wani kawuna gyaran rufi, na kwana biyu. Da na dawo da hantsi, sai na tarar da babbar mota a ƙofar gidan Baba, ana loda katifu da turmi da akwatuna. Na tsaya kamar an dasa ni.

"Inna, me nake gani haka?"

"Sun zo masa," in ji ta. "Shekaranjiya wani mai kaki ya tsaya nan da takarda, ya ɗaga murya ya kira sunan Baba, duka ukun, a gaban yara! Muka ce ba mu san shi ba. Baba yana bayan huhunan goro yana ji. Mutumin ya yi magana da Asantanci, ya ce zai dawo."

"Ɗan sanda ne?"

"Wa ya tsaya tambaya? Kaki dai kaki ne."

"Da hula? Da sanda?"

"Ba hula. Keke ya jingina a jikin famfo. Kai kuma lauya ka zama?"

Na ga irin wannan kaki da irin wannan keke a ƙofar ofishin injin katako ranar da na kai takardata.

Nan ne babban laifina, wanda ya fi ƙaryar. Ba a gama lodi ba. Direba ma yana gefe yana cin shinkafa da wake. Da na buɗe baki, da an sauke kayan. Amma dole sai na faɗa a gaban duk layinmu cewa na yi ƙarya da sunan dattijo, kuma na furta sunan da ban isa in furta ba. Na bari aka ci gaba da lodi.

Baba ya hango ni ya yafito ni. Ya sa mini farin goro a hannu.

"Akawuna," ya ce, yana murmushi, "wa zai karanta mini wasiƙa a can? Gara in tafi da ƙafata kafin su ja ni a gaban jikokina. Ka riƙe uwarka. Allah ya ba ka aikin da kake nema."

Na ce amin. Wallahi amin kawai na ce.

Ran Litinin aka kira ni Kwadaso. Manaja ya duba takardata, ya ƙwala wa masinja kira. Mutumin ya shigo da kakinsa, ba hula. Ya ce ya je Zongo sau biyu: na farko aka ce ba a san mai sunan ba, na biyu ya sami sito a kulle, an ce ya bi sauran baƙi.

"To ba laifinka ba ne," manaja ya ce mini da Turanci. "Shekara biyu a sito ta isa. Ka fara gobe."

Ban san yadda na fito ba. Na tsaya bayan tulin katako na yi amai.

Bayan wasu watanni wasiƙa ta zo wa Inna daga Nijar, ni na karanta mata. Baba yana gaida kowa. Ya ce garin nasu ba wanda ya shaida shi, gidan ubansa ya zama fili. Ya roƙi a riƙa ziyartar kaburburan 'ya'yansa. A ƙarshe ya tambaya ko mai takardar nan ya sake dawowa.

Inna ta miƙo mini alƙalami ta ce, "Rubuta masa bai dawo ba, Allah ya rufa asiri."

Na rubuta yadda ta faɗa, ban ƙara komai ba. Washegari da safe masinjan ya ajiye mini takardun ranar a tebur kamar kullum, ya gaishe ni, na amsa.