Sau Uku Ya Kira Ni, Ban Waiwaya Ba

A shekarun da wayar hannu ke sabon shigowa Zuru, ni saurayi ne mai gyaran keke a bakin kasuwa, kuma a tseren keke ba wanda ke shan gabana daga Rikoto har cikin gari. Ni na koya wa ƙanena, ɗan baffana, hawan keken tsere. Siriri ne kamar sillen kara, har ina tsokanarsa cewa wata rana iska za ta yi gaba da shi. Cikin shekara biyu ya fara barina a hawan tudu. A fili ina tafa masa, amma Allah ya sani kishinsa nake kwana da shi, nake tashi da shi.

Sai labari ya zo cewa za a yi tseren tantancewa a Birnin Kebbi, wanda ya zo na ɗaya a ɗauke shi ƙungiyar jiha. Wani tsohon soja da ke horar da mu ya raba mana aiki. Ni zan shiga gaba in tare wa ƙanena iska don ya adana ƙarfinsa, in kuma kekensa ya sami matsala in sauka in ba shi nawa. Haka tsarin wasan yake, amma ni abin da na ji kawai shi ne an mai da ni ɗan rakiya. Na amsa da to. Na kuma san baffa ya riga ya yanke cewa in ba a ɗauke shi ba, zai ajiye keke ya shiga soja kamar yayyensa, abin da ko kaɗan ba ya so.

Ranar tseren komai ya tafi daidai har muka hango gari. Mu shida ne a gaba, shi ko haki bai fara ba. Sai na ji tayarsa ta baya ta fashe. Ya kira ni yaya sau uku. Na sunkuyar da kai na ƙara taka feda, zuciyata na ce mini yau ranata ce. Ina! Ƙarfina ya riga ya ƙare wajen tare iska. Na biyar na zo, shi kuma ya iso a ƙafa yana tura kekensa.

Tsohon sojan ya tsare ni da ido ya tambayi abin da ya hana ni tsayawa. Kafin in buɗe baki ƙanena ya ce iska ta yi yawa, ba yadda za a yi in ji shi. Na karɓi wannan suturar da ya yi mini. A shekarar ya shiga soja, bayan wasu shekaru ya dawo da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Har yau ni yake kawo wa kekunan 'ya'yansa gyara, yana gaya musu ba wanda ya iya tare iska kamar ni.

Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce, amma tawa ƙona shuka ta yi, tasa da tawa. Duk wanda na bayansa ya fi shi, ya yi haƙuri ya buɗe masa hanya, don cin amanar minti ɗaya ba ya gyaruwa. Ni dai na rubuta wannan labari ne saboda har yau na kasa duban idonsa in ce masa iska ba ta hana ni jin komai ba.