Sabulun Inna

Da zare Inna take yanka sabulu. In aka sayo sanda guda daga kasuwar Gummi, sai ta zauna bakin ɗaki, ta ciji zaren da haƙori, ta raba sabulun gida huɗu, ta ɗora uku kan katanga su sha rana, wai busasshe ya fi daɗewa. Mu 'ya'yanta mun sha dariya, mun kuma sha takaici. Ni har kuka na taɓa yi ranar wata sallah, da aka miƙo mini guntun da bai kai babban yatsa ba, aka ce in yi wanka in rage wa na baya.

Kar a ɗauki alhakinta, ba rowa ce da ita ba. Baba ya rasu ya bar ta da mu, da gona ɗaya da 'yan awaki, a ƙauyenmu da ke tsakanin Anka da Bukkuyum, kuma da wannan tsimin ta raine mu ba mu taɓa kwana da yunwa ba. A wurinta samu na Allah ne, riƙo ne aikin mutum. Tsumma ba ya tsufa a gidanmu, in ya gama zama zane ya zama ganwo, in ya gama ganwo ya koma toshe ɓular tulu.

Yayana, babbanmu, shi kuwa bai taɓa yarda da wannan karatun ba. Cewa yake ko gida goma ka yanka sabulu, sabulu ɗaya ne dai, dabara ita ce a samo na biyu. Da zinare ya bayyana a dajin bayan gari, baƙi suka cika ko'ina da yarukan da ba mu taɓa ji ba, sai ya jingine fartanya ya bi su rami. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Kullum kan akushin tuwo sai an yi: ita ta ce tulu mai yoyo ko a gulbi ba ya cika, shi ya ce zomo ba ya kamuwa daga kwance. Ni bayan Yaya nake, ba na ɓoyewa. Wa zai ƙi wanda ya sa wa ɗaki rufin kwano, ya kawo shinkafa ba ranar sallah ba?

Abin da ya haɗa kansu, abin mamaki, dutsen zinaren ne da kansa. Yaya yana kawo buhunan dutse gida don a bakin rami ba a barin kaya. Wata rana Inna ta ji abin da yake biyan masu fasa shi kafin a kai inji, ta dafe ƙirji.

"Da turmi biyu cikin gidan ga? Kuɗɗin nan ba su ƙara hita."

Yaya ya yi dariya, ya ce yau kam Inna ta yi magana. Daga nan tsakar gidanmu ta koma wurin aiki. Matar Yaya da ni muna fasawa da guduma, muna dakawa, ƙura tana tashi ta sauka kan kwanuka da shanya da gashin idonmu. Inna kuma ta samu abin yi. Buhunan da aka juye, ta kakkaɓe su ta ɗinka shimfiɗa. Yashin da ya rage bayan an wanke zinaren, mai laushi kamar garin tuwo, ta ce haram a zubar, ta gyara daɓen ɗakinta da shi. Ga ƙarin samu ga tattali a wuri ɗaya. Ban taɓa ganin uwa da ɗa sun shirya kamar a wannan ranin ba, kuma wallahi na ji daɗi.

Yaya yana da 'yarsa ɗaya a lokacin, sunan Inna ta ci, don haka kowa Takwara yake ce mata. Rarrafe take, kuma ɗakin kakarta ne gidanta. A kan buhunan nan take barci, a kan daɓen nan take wasa, duk abin da hannunta ya taɓa sai ya je baki.

Da farko amai ne da ƙin abinci. Sai ta fara jijjiga, idanu su kafe, jiki ya sandare. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Aka ce zazzaɓi ne, aka sayo magani. Kuma ba gidanmu kaɗai ba, don a unguwarmu an kai yara makwanci har mutane suka daina haɗa ido a hanyar maƙabarta. Sai da ma'aikatan lafiya suka zo suka ɗebi jinin yara da ƙasar gidaje, sannan muka ji sunan abin: gubar dalma, kuma a cikin ƙurar dutsen take. Da suka shiga ɗakin Inna, wata daga cikinsu ta tambaya cikin ladabi daga ina aka samo ƙasar daɓen. Inna ta faɗa mata gaskiya, sannan ta nemi wuri ta zauna.

Aka tafi da Takwara asibiti a Anka, ita da uwarta, ba wanda ya san ko za ta dawo. Ni kuwa na zauna jiran faɗan da zai tashi, don kowa yana da abin faɗi. Inna za ta iya cewa wa ya kawo dutsen, Yaya zai iya cewa wa ya hana a fasa shi a waje. Faɗan bai tashi ba. Ranar da aka zo kankare ƙasar gidan za a kai ramin da aka haƙa nesa da gari, Inna da kanta ta naɗe buhunan. Ta kuma gangaro da turminta, wanda aka kawo ta gidan Baba da shi, ta ce a haɗa. Abin da na fara gani ta zubar ke nan a rayuwata, kuma sai da na juya baya don kar ta ga hawayena.

Takwara ta rayu, alhamdu lillahi. Amma ta daɗe ba ta yi magana ba, kuma har yau karatu yana yi mata nauyi, abin da sa'o'inta suka kama yau ita sai an maimaita mata sati.

Yaya bai bar rami ba. Ga kuɗin mota zuwa Anka, ga abincin mai jinya, ga gona ba ta isa, kuma Inna ba ta ce ya bari ba. Sharaɗi kawai ta kafa: dutse ba ya ƙara ƙetare zaure, kayan aiki a daji za su kwana, shi kuma sai ya yi wanka a rijiyar bayan gari ya sa wasu tufafin kafin ya shigo.

Safiyar da zai koma aiki, ta kira shi bakin ɗaki ta miƙa masa sabulu, sanda guda cur a takardarta. Ya jujjuya shi a hannu, ya duba gefenta yana neman zaren, har ya kama zai karya da hannu. Ta riƙe masa wuyan hannu.

"Kak ka rage," ta ce. "In ya ƙare akwai wani."