Tagar da Aka Rufe Ban Sani Ba

Akwai abin da ya same ni shekarun baya wanda na san ko tsufa ya kwashe min komai, shi dai zai bar min shi. Ya faru ne a shekarar da jami'a ta daina karɓar kuɗi hannu da hannu, ta ce kowane ɗalibi ya biya ta intanet.

Ni maɗinkin manyan riguna ne a Tudun Wada. Karatuna na zaure ne, da ajami nake rubutu, boko kuwa sai an karanta min. Ƙanena ya rasu ya bar min 'ya guda wadda ta ci sunan mahaifiyarmu, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa. A shekarar ta samu gurbin karatun haɗa magunguna, aka ba ta mako biyu ta biya kuɗin karɓar gurbin, in ba haka ba a ba wani. Mahaifiyarta ta sayar da keken ɗinkin marigayi, ni na cika sauran.

Ranar da kuɗin suka haɗu, ta zo shago ta durƙusa.

"Baba, bana sun ce ta intanet ake yi. Mu je unguwar Kongo, shagon kwamfuta, a ciro lambar biya da sunana, sai a kai banki."

Na ajiye allura na dube ta. "In ɗauki kuɗin marainiya in miƙa wa wanda ban san ubansa ba? Uwata, ina da mutum a ciki."

Gaskiya kuwa ina da shi. Aminina ne, tare muka yi karatu a zaure ɗaya, sahu ɗaya muke salla. Ya kusa shekara talatin yana zaune a tagar karɓar kuɗin ɗalibai. 'Ya'yana maza biyu da suka yi jami'a, ban taɓa bin layi dominsu ba. A masallaci nake ba shi kuɗin bayan la'asar, washegari ya kawo min rasit. Uwata ta buɗe baki za ta ƙara magana, na ɗaga mata hannu. Ta sunkuyar da kai, domin haka muka tarbiyyantar da ita.

Da la'asar a masallaci na miƙa wa aminina ambulan ɗin kuɗin, na rubuta sunanta a bayansa. Ya riƙe shi ya ɗan jima bai sa aljihu ba.

"Malam, ka san yanzu abin ya ɗan canza..."

"Me ya canza? Ko kai ne aka canza mana?" Na faɗa ina dariya, mutanen da ke neman takalmansu suka taya ni.

Shi ma ya yi murmushi, ya sa a aljihu. "To, Allah Ya sa a dace."

Na sha komawa wannan wuri a zuciyata. Mutumin ya so ya faɗa min wani abu, ni na rufe masa baki da raha a gaban jama'a.

Kwana uku, kwana biyar, ba rasit. Kullum da safe Uwata za ta kawo min koko ta tsaya a bakin ƙofa. "Baba, ya kawo?" In ce mata ta yi haƙuri. A masallaci kuwa mu gaisa da shi, in tambayi iyali, ya tambayi aiki, amma ban iya cewa ina rasit ba. A wurinmu, ka ba dattijo amana sannan ka bi shi da tambaya, ai tuhuma ce.

Wa'adin ya cika ranar Juma'a. Asabar da hantsi aminina ya yi sallama a shagona, ya ƙi zama a kujera, ya zauna a ƙasa. Ya ciro ambulan ɗin, yana nan a manne yadda na ba shi.

"Malam, an rufe tagata tun kafin azumi," ya ce. "Ɗakin tsofaffin takardu aka mayar da ni. Ko iyalina ban faɗa wa ba."

Ya ce ya bi ofis-ofis da kuɗin. Wata ma'aikaciya, sa'ar 'yarsa, ta ce masa ba mai iya ciro lambar biya sai yarinyar da kanta, da lambar sirrinta. Ya ji nauyin dawowa ya ce min abin ya fi ƙarfinsa. Sai ya zauna jiran shugaban sashensu da ya yi tafiya, yana zaton zai sa hannu a karɓa kamar da. Shugaban ya dawo ranar Juma'a, ya saurare shi da mutunci, sannan ya ce ko shi ba shi da ikon sa a karɓi kuɗi a hannu.

Na so in yi faɗa. Da na dubi gemunsa ya jiƙe, sai na tarar abin da zan zarge shi da shi, irinsa ne a wuyana. Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ranar Litinin na bi Uwata zuwa Kongo, shagon da na ƙi zuwa tun farko. Matar da ke kan kwamfutar ta danna nan ta danna can, ba ta yi minti biyar ba ta juyo mana da fuskar na'urar.

"Baba, an rufe. Da kun zo makon jiya, ai kafin ka gama gaisawa da ni an gama."

Na roƙe ta, na ce marainiya ce. Ta ce, "Wallahi da ni ce, da na buɗe. Wannan ba ya jin roƙo."

Uwata ba ta yi kuka a can ba. A cikin keke napep, mun kusa gida, ta ce, "Baba, kada ka faɗa wa Inna laifin wani ne. Ni zan ce mata ba rabona ba ne." Da zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Ta sake jarrabawa a shekara mai zuwa, makinta bai kai ba. Yanzu tana aiki a wani shagon magani a Hanwa, tana miƙa abin da wasu suka rubuta. Aminina kuwa ya koma sahun baya, yana fita kafin a shafa addu'a. Na bi shi gida sau biyu na ce na yafe, shi ma ya yafe min, amma bai ƙara haɗa ido da ni ba har Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa, bai ci ko kwabo ba.

Na yarda rabo na Allah ne, amma ban ɓuya a bayan wannan ba. Dattawa biyu ne, kowa yana kare girmansa, yarinyar da ta san hanya muka hana ta magana. Abin da na koya shi ne, kunyar cewa ban sani ba ba ta tsayawa a kan mai ita, wani take cinyewa. Tun daga lokacin, duk wanda ya fara min magana, yaro ne ko babba, sai na bari ya kai ƙarshenta.