Sai Bayan Kaka

Shekarar da aka yi wa Baba aiki a ciki, ina koyarwa a firamare a Gaya. Ni ne mai jin Turanci a gidanmu, don haka ni na raka shi asibiti a Kano, ni kuma likita ya ja gefe bayan an fito da shi.

Ya ce ciwon daji ne a hanji. Sun yanke inda ya ci, sun ɗinke, wannan ya yi kyau. Amma da suka buɗe sun tarar ciwon ya riga ya kai hanta, ba wuri ɗaya ba, can kuma ba abin da wuƙa za ta iya. Na tambaye shi saura nawa. Ya ce watanni ne, ba za a kai shekara ba. Lokacin bazara ce, ko ruwan shuka bai sauka ba.

Da Baba ya farfaɗo ya ce, "To Malam, me ya ce?" Haka yake kirana in tsiya ta motsa.

Na ce, "An cire, Baba."

Na daɗe ina gaya wa kaina ban yi ƙarya ba. Amma na san mutanenmu sarai. A garinmu Kademi in aka ce an cire, to an gama ke nan, kamar ƙaya a ƙafa. Innarmu ta toya waina ta yi sadaka. Jama'a suka yi ta zuwa barka da arziki, ni kuwa ina zaure ina amsawa da haƙora a waje, kamar wani gwani.

Baba yana da yaya mace a Gafasa. Shekara bakwai ba sa magana, don ranar da mijinta ya rasu an yi ruwan shuka, shi kuma ya tsaya a gona, sai da aka yi bakwai ya je gaisuwa. Ta ƙi fitowa. Tun yana kan gadon asibiti ya ce mini abin yana cin sa, zai je ya durƙusa mata. Da muka dawo gida na ce mu tafi yanzu.

Ya ce, "Ana shuka? Wa ka taɓa gani yana ziyara da damina? Sai bayan kaka, in je mata da damin gero, ba hannu rabbana ba. Ai na warke, gaggawar me?"

A nan ya kamata in buɗe baki. Tsoro ne ya hana ni, ba tausayi ba, ko da yake tausayi na riƙa kiransa.

Ya yi noman farko da hannunsa. Da marka ta kankama idanunsa suka yi ɗorawa, ciki ya kumbura, ƙafafu suka ƙi shiga takalmi. Mutane suka ce shawara ce, aka yi ta jiƙa masa saiwoyi. Ni ma na ce shawara ce.

Ranar da ya kasa haɗiye koko na hau keke zuwa Gafasa. Gwaggo ba ta ko tsaya rufe ɗaki ba. Mun iso bayan azahar, yana numfashi amma bai san wanda ke kansa ba. Ta kira shi da sunan da take kiransa suna yara, ta ce ta yafe, shi ma ya yafe mata. Idonsa na kan rufin ɗaki. Kafin la'asar ya cika.

Bayan sadakar uku ta kira ni ɗakin Inna. Ta ce tun da ta ji an kai shi Kano ta ƙulle kayanta za ta zo, sai labari ya iso cewa ya warke.

"Sai na kwance ƙunshin, na ce tunda ya warke ya zo da ƙafarsa. Ɗan nan, kai ka je da shi. Wane ne ya ce ya warke?"

Na ce, "Ni ne, Gwaggo."