Ranar da Shanun Ubana Suka Ƙi Jin Hausa

Na manta abubuwa da yawa, har da na jiya, amma wani yammaci a Ɗanzomo zai bi ni har kabari.

Ni Bafulatani ne, sai dai a suna. Tun ina ƙarami aka kai ni riƙo Gumel, na tashi da Hausa, Fulatanci ya zube. Bayan babban farin nan na saba'in da uku mahaifina ya rasu, na koma Ɗanzomo na karɓi shanu tara da suka rage.

Ba a jima ba aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a gindin tsamiya. Muka shiga ni da Baffa, ƙanen mahaifina. Wata uku tsohon nan bai iya rubuta baƙi ɗaya ba, alli sai karyewa yake a hannunsa. Nakan ce, "Baffa, ka koma ruga kawai, kana ba mu kunya." Sai ya ce, "To, na ji, Kaɗo," wato Bahaushe.

Ran nan muna karatu, shanuna na kiwo a gefe, wata babbar mota ta danna hon. Suka firgita, suka nufi gonar geron wani mutum, saura kwana kaɗan girbi. Da sun shiga, zamanmu a garin ya ƙare, don ko bara sai da aka fasa kai kan irin haka. Na bi su da sanda ina ihu, "Kai! Ku tsaya!" Ko waiwaye.

Baffa bai yi gudu ba. Ya ajiye allo, ya miƙe, ya dafa kunne, ya saki wani dogon kira da Fulatanci, irin na mahaifina sak. Kowace saniya ya kira sunanta da na uwarta. Babbarsu ta tsaya cak a bakin gona, ta juyo, ta yi kuka. Sauran suka biyo ta har gindin tsamiya suna lasar hannunsa. Malaminmu ya saki baki, can ya ce, "Baba, yau wa ke koyar da wa?"

Na durƙusa na ce ya koya mini. Ya ce, "Wannan ba a allo yake ba. Ka riƙa bina zuwa daji da sassafe." Na ce sai bayan girbi. Bayan girbi na ce sai damina. Kafin damina ya rasu.

Yau 'ya'yana ko gaisuwa da Fulatanci ba su iya ba. Ban ɗora wa kowa laifi ba. Na gane harshenmu ba ƙwace mana shi aka yi ba, irina ne ke ta cewa sai gobe har aka binne masu shi.