Rikodar da Aka Ce Ta Mutu

Duk mutanen gidanmu sun yi kuskure a kan rikodar Baba. Shekara da shekaru ana cewa ta mutu, tun ranar da wuta ta dawo da ƙarfi bayan dumso, wato ɗaukewar wuta, ta ƙona mana firji da talabijin. Babu wanda ya gwada ta. An ga wayar wutarta ta narke, shi ke nan, Mma ta lulluɓe ta da farin leshi ta ɗora kwalaben turare a kai.

Baƙa ce, mai sifika biyu, ga nauyin tsiya. Da ita muka zauna a Moshi Zango, da ita muka koma Asokore Mampong. Ranar tashin ma ta faɗo daga bayan mota, kusurwa ɗaya kawai ta tsage. Lokacin da waya ba ta yawaita ba, kakata ta wajen uwa da ke Tawa takan yi magana a kaset, direbobin motar goro su kawo. Mma ta saurara, ta ɗauki amsa a wani kaset, su mayar. Kakar ta rasu ina aji biyu a sakandare. Kaset ɗinta suna nan cikin gwangwanin biskit, ba abin da za a ji su da shi.

Yayana kuwa sifika uku ya saya cikin shekara biyu, irin masu haɗuwa da waya da fitilu kala-kala. Ɗaya ta daina caji, ɗaya ta koma kukan kwaɗo, ta ukun damina ta ci ta. Shi ne wata Asabar ya ce zai kai rikodar Akwatialine wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa, wai ta tare wuri. Mma ba ta hana ba, gwangwanin kawai take kallo. Ni ba ni da haƙurin irin wannan shiru. Na fizge rikodar daga hannunsa, tana juyawa sai ga murfin gidan batir a bayanta, abin da duk muka manta.

Na je shago na sayo manyan batir shida. Yaya na dariya, wai likitar gawa ta iso. Na hure ƙura, na sa kaset, na danna. Muryar tsohuwa ta fito tas, da Hausarta ta Tawa, tana gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, har da ni, 'yar nan mai tsiwa. Sai ta tambaya ko ciwon ƙafar Mma ya lafa.

"Da sauƙi, Inna," in ji Mma.

Yaya ya sulale waje.

Ranar na kwashe rikodar da gwangwanin zuwa ɗakina. Na ƙudura Litinin zan nemo wa rikodar sabuwar wayar wuta a kasuwa, in bi kaset ɗin ɗaya-ɗaya ina ɗaukar muryar a wayata, don zaren kaset ne ban yarda da shi ba. Leshin kuma zan kai wa Yaya ya rufe gawarwakin sifikunsa uku.