Laka Biyu a Bonet Ɗaya

Shekarar da aka sauke rufin ciyawa na cocinmu a Madakiya aka ɗora kwano, a shekarar aka kawo ni Kafanchan gidan miji. Jirgin ƙasa yana zuwa a lokacin, kukansa ne ke gaya mana lokacin ɗora tukunya. Abin da zan faɗa kuwa ya faru ne bayan jirgin ya yi shiru, kamar damina biyar kafin cutar nan da ta ruɓar da citta a gonakin Kachia. Ban san lissafin kalanda ba, amma ba na manta abu.

Maigidana mai fentin mota ne. A bayan gidanmu yake aiki, ƙarƙashin mangwaro. Ina amarya na ji ya ce wa wani direba, "Gobe in na sa mata laka ka zo ka ɗauka." Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Mutum ya kawo maka mota ka gyara, kai kuma ka shafe ta da laka? Ai da ya bi hanyar Samaru Kataf da damina, kyauta zai samu." Sai ya kama hannuna ya nuna mini gwangwanin. Ashe laka a bakinsu wani farin ruwa ne kamar man ƙuli, shi ake fesawa a ƙarshe ya rufe fenti, ya hana rana da ruwan sama cin sa. Shi ne kuma ke sa mota ƙyalli.

Warinsa fa! Idan yana fesawa kaji ma barin wurin suke yi. Yakan ɗaura tsumma a hanci, in zafi ya dame shi ya cire. Kowane mai fenti a garin nan ya san maganin abin, wato madara. An ce tana wanke fenti daga ƙirji. To ni ce mai madarar. Da ya ajiye bindigar fesawa zai tarar da kofi a kan benci, na rufe da faranti. In babu ta gwangwani sai in tare 'yar Fulani in sayi nono. Shekara talatin da wani abu ban taɓa fashi ba, ko ranar da nake naƙudar autana sai da na bar saƙo. Matan zumunta sukan ce, "Mijinki dai ba zai mutu da fenti ba." Ni kuwa in gyara ɗaurin ɗankwali.

Ban yi boko ba, amma idona ya ƙware. In ya gama mota sai ya kira ni. "Maman yara, zo ki duba." In tsuguna ta gefen rana, in ce masa nan ya yi kauri, can ya zubo hawaye. Bai taɓa musa mini ba.

Da gari ya cika, gidaje suka kewaye mu, maƙwabta suka kai ƙara cewa warin yana sa 'ya'yansu tari. Rannan da hantsi sai ga ma'aikaciyar kula da muhalli. Na san ta sarai, 'yar ƙungiyar mawaƙan cocinmu ce, na ga ranar da aka yi mata baftisma. Ta durƙusa ta gaishe mu yadda ya kamata. Ta ce akwai doka a kan abin da ake sakewa cikin iskar da jama'a ke shaƙa. Ko dai maigida ya koma sabuwar laka marar ƙarfin wari, ya kewaye wurin, ya riƙa sa abin rufe hanci na gaske mai matata, ko kuma ya kwashe kayansa ya bar cikin unguwa.

Maigida ya yi tari, ya ce, "'Yata, lakar da ba ta wari ai ruwa ce. Warin shi ne ƙarfinta."

Ta ce, "Baba, aikinsu ɗaya, ƙyallinsu ɗaya. Bambancin yana cikin abin da ke tashi sama ya shiga ƙirjinka. Ka ji tarin da kake yi kuwa?"

Ni kuma na tsoma baki, na ɗaga kofin. Na ce, "Ƙirjinsa yana da mai gadi."

Ta yi murmushi. Ba da raini ta yi ba, yanzu na sani. Ta ce, "Mama, madara ciki take tafiya, fenti kuwa huhu yake shiga. Hanyarsu ba ɗaya ba ce, ba sa ma haɗuwa."

Matan maƙwabta uku suna tsaye a bakin katanga. Ɗaya ta rufe baki da gefen zane. Na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Shekara talatin na madara, yarinyar da na ga tana rarrafe ta zubar da su ƙasa da magana ɗaya.

Maigida mutum ne mai son gaskiya. Ya ce zai gwada. Ya samo ƙaramin gwangwanin sabuwar, ya ɗauko wani tsohon bonet, murfin gaban mota ke nan, ya yi masa jan fenti. Ya raba shi biyu da takarda, dama ya fesa tsohuwa, hagu sabuwa. Gwangwanayen ma kusan kamarsu ɗaya, ni da ba na karatu sai da hanci nake rabe su. Bayan kwana uku ma'aikaciyar ta dawo, maƙwabta suka taru. Ya ce, "Ni idona ya fara gajiya. Ga alƙalina nan. Abin da ta faɗa shi zan bi."

Na tsuguna ta gefen rana. Na duba dama, na duba hagu. Na ga fuskata a nan, na ga fuskata a can, har layin tsagar kumatuna. Na shafa da bayan hannu. Ubangiji shaida ne, babu bambanci ko na ƙwayar acca.

Na ɗago, na ga matar nan mai gefen zane tana kallona. Sai na ji bakina ya ce, "Ta dama ta fi. Ta hagun nan ba za ta kai damina biyu ba."

Maigida ya tafa hannu. "Kin ji ko, 'yata?" Yarinyar ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "To, Mama." Ta juya ta tafi.

Ya bi doka ta ɗaya hanyar. Ya kwashe kayansa ya koma bayan gari, ya kafa rumfar kwano a kan hanyar Madakiya. Don ƙura kada ta ɓata masa aiki ya rufe rumfar ta ko'ina da buhuna. A ƙarƙashin mangwaro iska takan ɗebe rabin warin. A can kuwa duka nasa ne. Abin rufe hancin da yarinyar ta ba shi yana rataye a ƙusa, gizo-gizo ya yi gida a ciki. Ni kuma kullum da la'asar in hau mashin da kofi a cikin leda, in kai masa. Sau nawa na buɗe baki a hanyar nan ina shirya yadda zan ce masa na yi ƙarya? Da na isa, ya karɓi kofin ya ce, "Mai gadina ta iso," sai maganar ta koma ciki.

Shekarar da citta ta ruɓe numfashinsa ya gaza. A asibiti suka tambaye shi aikin da yake yi, da ya faɗa sai suka dubi juna. Ranar da ya cika, da safe ya ce in ba shi madara. Na ba shi.

Bonet ɗin yana nan a tsakar gidana, na jingina shi da katanga, a kansa nake shanya kuɓewa. Damina nawa ta dake shi, rani nawa ya gasa shi. In na kwashe kuɓewar nakan share shi da tsumma, in tsuguna ta gefen rana. Har yau ina neman wurin da hagun ya gaza, ko tsaga ɗaya, ko dusashewa kaɗan, don in ce ai dama na faɗa. Babu. Tare suke tsufa.

'Ya'yana suna Kaduna da Abuja, sukan kira ranar Lahadi bayan sujada, su tambayi ƙafata. Ban taɓa gaya musu ba. Gidan shiru, mangwaron ma an sare shi. Kofin yana cikin kwando, ba na shan komai da shi.

Cikin matan maƙwabta ukun nan da suka tsaya a kan bonet ɗin ranar, mai gefen zane ta rasu bara, ɗayar ta bi ɗanta Jos, ta ukun idonta ya rufe, ba ta fita. Saura ni da ma'aikaciyar. Har yanzu tana waƙa a coci. In an tashi takan zo ta durƙusa ta ce, "Mama, ina kwana?" In ce lafiya. Lahadin da ya wuce na riƙe hannunta na ce ta biyo gida, akwai abin da zan nuna mata a jikin katanga. Ta ce za ta zo. Na kwashe kuɓewar, na share bonet ɗin.